Baffa da Wazirinsa

Ina kan keke a shagona da ke bakin kasuwar Jahun, ina ɗinkin wuyan wata riga, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Yaya, ka taso. Baffa ya cika." Na yi salati, na ci gaba da taka keken har ƙarshen layin, domin ƙafata ba ta riga ta ji abin da kunnena ya ji ba. Sai da zaren ya tsinke na tsaya.

Ranar Laraba ce da hantsi. A aljihun gabana akwai sabon biro da na saya saboda shi. Kwana tara kafin nan ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direban motar haya da ke bin hanyar Dutse: "Ka ce wa Tela ya zo ran Juma'a da biro, na san abin da zan ce a kan mutumina." Shekara shida ina jiran wannan saƙon. Akwai littafin da yake faɗa ina rubutawa, saura babi ɗaya tak, kuma shekara shidan nan ya ƙi faɗar babin. Juma'ar ta zo, ɗinkin wani biki ya danne ni, na ce sai ta gaba. Ta gaban saura kwana biyu ta zo.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ne babba a ɗakinsu. Na isa Limawa, unguwarmu a Dutse, ana gab da fito da makara. An sallace shi bayan Azahar, muka kai shi, muka dawo muka zauna a ƙofar gida. Ban san mutane da yawa haka sun san shi ba. Tabarmi sun ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare, wasu suka cire takalma suka zauna a kai.

Abin da na riƙa ji a bakin masu gaisuwa ba irin wanda aka saba ji ba ne. Wani tsohon magini ya durƙusa gaban mahaifina ya ce, "Ya haƙuri, Alhaji? Allah ya jiƙan Malam. Sau uku yana sa ni tone harsashin gini saboda na shiga gonar maƙwabci da taku ɗaya. Ranar na zage shi a zuciya. Yau duk gidajen ukun suna tsaye, babu mai ƙara." Wani dillalin filaye daga unguwar Takur, mai babbar riga da ƙamshin turare, ya girgiza kai ya ce, "Mu dai ya hana mu ci, ba zan ɓoye ba. Amma takardar da ya buga wa hatimi, ko alƙali ya gani sai ya ce a tashi." Mutane suka yi murmushi, irin murmushin da ake yi a zaman makoki, da kai a sunkuye.

Gwaggo, ƙanwarsu da ke aure a Haɗeja, ta iso da La'asar. Ba ta shiga cikin gida kai tsaye ba. Ta tsaya a bakin zaure ta dubi buzun da yake zama a kai, ta ce, "Yanzu wa zai aika a kira ni in tsaya a kan iyaka?" Mahaifina bai ɗago ba.

Liman ne ya ambaci wanda kowa ya manta da yi wa ta'aziyya. Bayan ya shafa addu'a ya juyo wurina ya ce, "To, Malam Tela, Waziri ya yi maraici." Duk wanda ya taɓa zama a zauren nan ya gane.

Wazirin Baffa Balarabe ne, ya rasu tun Baffa bai san da shi ba. Baffa ya tafi aikin hajji ta ƙasa yana saurayi, ya bi ta Sudan, bayan ya sauke farali bai juyo ba, ya wuce ƙasar Sham neman karatu. Shekara uku ya yi a can, yana karatu da safe, da rana yana aiki wurin wani mai ɗinke littattafai. Da zai dawo mutumin ya ba shi wani littafi da ya ɗinke da hannunsa, tarihin wani shugaba daga cikin waɗanda suka fara riƙe gwamnatin Larabawa bayan tafiyar Turkawa. Larabawa suna ce wa mai wannan muƙami shugaban wazirai, mu kuma a gida muka taƙaita, muka ce Waziri. Baffa kansa "mutumina" yake cewa. Inna, matarsa, takan ce, "Wannan Balaraben ya fi shekara hamsin a gidan nan, ko dabino ɗaya bai taɓa kawo mana ba." Baffa ya ce, "Ya kawo, ke ce ba ki iya ci ba."

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Ranar da muka fara littafin, Baffa ya sa na bar filin sunan a shafin farko. Ya ce malaman da suka karantar da shi ba sa sa suna a kan aiki sai ya kammala, domin sa suna shaida ne, kuma ba a shaida a kan abin da ba a gama gani ba. Ba ni da ikon riga shi.

Ga rayuwar Waziri kamar yadda muka ji ta a zauren nan, sau ba adadi. Ɗan gidan malamai ne, a wani birni mai gidajen dutse. Ya yi karatun shari'a a babban birnin Turkawa, ya dawo ya zama magatakardan kotu. Daga nan aka tura shi ya riƙe wata gunduma mai ƙarancin ruwa, inda manoma da makiyaya ba sa rabuwa da faɗa a kan rijiyoyi. Waɗanda suka riga shi a ofis suke zama, a kawo musu takarda su buga. Shi kuwa alfadari yake hawa ya je, in ya isa ya sauka ya bi iyakar da ƙafa, mai ƙara a damansa, wanda ake ƙara a hagunsa. Idan Baffa ya zo nan sai ya miƙe tsaye a tsakar zaure ya gwada mana tafiyar, hannu a baya, ido a ƙasa. Mu yara a lokacin har mukan ga ƙurar hanyar.

Sai yaƙi ya zo, Turkawa suka tafi, Larabawa suka kafa gwamnatinsu ta farko. Babu ma'aikata, babu tsari, takardun ofis ma duk da harshen Turkawa suke. Aka kira shi aka ba shi ma'aikata guda, daga baya aka ba shi shugabancin duka. Shi ya sa aka mayar da takardun gwamnati zuwa Larabci, don talaka ya ji abin da aka rubuta a kansa. Ya buɗe makarantu a garuruwan da ba su taɓa ganin allo na bango ba. Ƙofar ofishinsa a buɗe take rana guda a mako, kowa ya shiga, ba a tambayar ɗan wane ne. Baffa yakan tsaya a nan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ƙasa fa guda. Ba unguwa ba. Ƙasa."

Babin da ya fi so shi ne na ajiye hatimi. Turawa sun shigo sun danne ƙasar, suka kawo wa Waziri takarda, wadda idan ya buga mata hatimi ya miƙa musu abin da ba nasa ba. Ya karanta har ƙarshe. Ya ciro hatimin ya ɗora a kan takardar ba tare da ya taɓa tawada ba, ya fita. Motar gwamnati tana jiransa a ƙofa, ya wuce ta, ya tafi gida da ƙafa, ya koma noman zaitun da inabi. Na ji Baffa ya ba da wannan labarin fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ban taɓa jin ya kai ƙarshensa muryarsa ba ta yi rawa ba.

Shi ma Baffa mai hatimi ne. Shi ne magatakardan dagacin lokacin, kuma a hannunsa hatimin shaidar gona yake, a wata 'yar jakar fata da yake ratayawa a cikin riga. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, gonakin gero suka fara zama filayen gini, kowa yana son takarda, kowa yana sauri. Baffa ba ya sauri. Maganarsa guda ce: "Ban taka ba, ba na bugawa." Sai an tara maƙwabtan gonar na gabas da yamma, kudu da arewa. Ya cire takalmi, ya bi layin gamba ko tsohon kututture daga kusurwa zuwa kusurwa yana ƙidaya taku a bayyane, a kowace kusurwa ya tsaya ya tambayi maƙwabcin, "Nan ne?" Sai ya ce nan ne, sau biyu, sannan a wuce. Idan mutum ɗaya bai zo ba, a koma gida. Akwai wani babban ma'aikaci da ya aiko mota har ƙofar gida don a kai masa hatimin ofis. Baffa ya ce wa direban, "Gaishe da maigidanka. Ka ce masa gonar ba ta iya shiga mota, sai dai shi ya zo wurinta."

Wannan hali ne ya raba shi da mahaifina damina biyu. Mahaifina ya so sayar da gonar gado ta Takur, ya samu mai saye, ya rubuto takarda ya kawo. Ina zaune a wurin. Baffa ya ce, "Ina 'yar'uwarka?" Mahaifina ya ce, "Haba Yaya, tana Haɗeja. Ai na gaya mata ta waya, ta ce duk abin da muka yi daidai ne." Baffa ya ce, "Kunya ce ta ce daidai ne. A zo da ita ta tsaya a kan rabonta ta faɗa da bakinta." Mahaifina ya ce, "Yau ni za ka yi wa Waziri? Uwa ɗaya uba ɗaya?" Baffa ya ce, "Kai ne ma na fi tsoro, don kai ne zan iya yi wa kara." Mahaifina ya naɗe takardarsa ya fita. Mai saye ya gaji ya tafi. Aka yi Sallah biyu ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Daga ƙarshe da aka zo da Gwaggo, ta tsaya a kan gonar, ta dubi wani marke da ke gefe, ta fashe da kuka. Ta ce a ƙarƙashinsa mahaifiyarsu take ajiye ta idan ana shuka, ita ba za ta sayar da nata ba. Har yau rabonta yana nan, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, ɗanta yana zuwa ya shuka wake. Mahaifina bai taɓa cewa Baffa ya yi daidai ba. Abin da ya yi, wata Juma'a ya aika masa da ƙwaryar fura, Baffa ya sha ya mayar da ƙwaryar da goro a ciki. Shi ke nan sulhun.

Wata shekara, ba zato, Baffa ya mayar wa dagaci hatimi. Ya ce ya gaji. Shekarar Inna ta yi doguwar jinya a asibiti, muka ɗauka wahalar ce ta karya shi. Ba wanda ya tambaya.

Da idonsa ya fara rauni ya kira ni. Ya ce, "Tela, hannunka ya saba da layi madaidaici. Ka riƙa zuwa ran Juma'a mu mayar da mutumina Hausa, kada in tafi da shi." Ni sakandare kawai na yi, Larabcina bai wuce na sallah ba. Ya ce ba Larabcina yake so ba, kunnena yake so. Haka muka yi, bayan an sauko daga masallaci. Ya kusanto da littafin har ya kusa taɓa hancinsa, ya karanta shafi, ya rufe, ya faɗa da Hausa, ni kuma in rubuta. Idan na karanto masa yakan ce, "A'a, wannan Hausar ofis ce. Faɗe ta yadda Innarka za ta gane tana tankaɗe." Mun cika littattafan rubutu huɗu. Muka zo babin ajiye hatimi, muka gama, ya yi hawaye, na yi.

Juma'ar da ta biyo ya ce in rubuta kan babi: Dawowarsa. Na rubuta na ja layi. Ya riƙe littafin a rufe har aka kira La'asar. Ya ce, "Je ka, sai wani makon."

Wannan ɓangaren bai taɓa ba mu shi muna yara ba. A hankali, cikin makonni, na tsinci abin da ke ciki. Bayan shekaru Waziri yana gonarsa, ƙasa ta shiga wuya, abinci ya yi ƙaranci, gidajen kaso suka cika da samari. Aka je aka roƙe shi ya dawo, ya dawo. Turawan suka kawo masa takarda mai kama da ta farko, wannan karon ya buga. Wasu mutanensa suka ce ya ci amana. Wasu suka ce da bai buga ba da an rushe birnin a kan mutanensa. Mai littafin Larabcin ya kawo maganar kowane ɓangare ya wuce. Baffa ya ce shi ba zai wuce ba, wanda ya ɗauki mutum shekara hamsin yana nuna wa yara shi, dole ya faɗi inda ya tsaya.

Na taɓa matsa masa. Na ce, "Baffa, mu rubuta yadda Balaraben ya rubuta mana, mu huta." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Tela, ka taɓa yanka yadin mutum ba ka gwada shi ba?" Na ce sau ɗaya, ina sauri. Ya ce, "Sai ka yi yaya?" Na ce na sayo masa wani, wanda ya fi nasa ma kyau. Ya ce, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa, sai dai wancan tsarabar Makka ce da mahaifiyarsa ta kawo masa kafin ta rasu. Baffa ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To ka gani." Ban gani ba a lokacin. Na ɗauka wasan da ya saba yi mini ne.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, wani tsoho ya zo da sanda, rigarsa duk jirwayen ƙasa. Manomi ne daga bayan Takur, ban san shi ba. Ya gaisa da mahaifina, ya nemi a nuna masa mai rubuta wa Malam littafi. Muka koma gefe, ni da shi da mahaifina.

Ya ce, "Akwai abin da Malam ya hana ni faɗa yana raye. Shekarar da iyalinsa take kwance a asibiti, wani ya bi shi har ƙofar ɗakin jinya da takardar gonar da ke jikin tawa. Mutumin da ya yarda da shi ne, kuma gonar ya taɓa taka ta a da. Ya buga. Ashe an matsa iyakar taku bakwai cikin tawa. Kafin ya sani an ja katanga. Ya yi ta zirga-zirga, katanga ba ta motsa ba, takarda ce da hatiminsa."

Mahaifina ya ce, "Yaya? Ya buga bai taka ba?"

Tsohon ya ce, "Sau ɗaya. Satin da ya gane ya mayar da hatimin. Sannan ya kai ni gonarsa ta bakin fadama, ya tara maƙwabta, ya cire takalmi ya auna mini taku goma sha huɗu. Ƙasar ma ta fi tawa. Na ce Malam na yafe, duniya da lahira. Amma a cikin taku bakwan nan akwai ɗorawar da mahaifina ya dasa. Da kalwarta uwata take mana daddawa. Tana nan a cikin gidan mutane, ana hango kanta ta saman katanga. Kowace shekara bayan an yi girbi sai Malam ya zo ya ce in raka shi. Mu bi jikin katangar nan yana ƙidaya taku, mu tsaya saitin ɗorawar ya ce, 'Nan ne?' In ce nan ne, Malam, ai na yafe. Ya ce ya ji. Badi ya dawo. Da idonsa ya tafi a-daidaita-sahu yake hawa, ni nake riƙe masa hannu."

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Bana bai jira girbi ba. Makon jiya da Lahadi ya zo. Da muka tsaya, bai tambaye ni nan ne ba. Ya ɗora tafinsa a jikin bulon ya daɗe. Sai ya ce, 'Yau na karɓi yafiyarka.' Ya yi dariya ma. Ya ce yana da aiki ran Juma'a."

Washegarin wannan Lahadin ne saƙonsa ya same ni a Jahun.

Na zauna da wannan magana kwanaki. Mutumin da muke gani kamar dutsen da ke bayan gari, wanda ƙanensa bai iya tanƙwara shi ba, ashe shekarun nan duk yana ɗauke da taku bakwai. Ban ji ya ragu a idona ba. Tsoronsa ma na ƙara ji, irin tsoron da ake ji idan an tsaya kusa da abu mai girma. Na kuma gane abin da ya riƙe babin. Idan ya wanke Waziri, kansa ya wanke, kuma ba ya buga wa kansa hatimi. Idan ya kama shi da laifi, ya san yadda hannu yake bugawa lokacin da wani naka yake kwance. Sai da ya taka wannan iyakar shekara da shekaru kafin ya yarda ya san ta.

Ranar bakwai Inna ta miƙo mini jakarsa. Littafin Larabcin yana ciki, da littattafanmu huɗu. Mahaifina ya buɗe na huɗun, ya daɗe yana duban shafin ƙarshe, ya ce, "Kai ka fi kowa zama da shi. Ka rubuta abin da zai ce, a rufe." Na ce, "Baba, ban san abin da zai ce ba." Ya ce, "Ka kintata mana." Gwaggo tana daga bakin ƙofa ta ce, "Tela bai taka ba, Yaya. Ka bar shi." Mahaifina ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Allah ya jiƙan mutuminsa, inda duk kabarinsa yake a ƙasar Sham.

Littattafan suna wurina a Jahun, a cikin akwatin da nake ajiye yadin mutane. Biron yana tare da su, ban cire masa murfi ba. Babin ƙarshe kalma ɗaya ce da layi a ƙarƙashinta, kuma filin da muka bari a shafin farko ba a sa masa suna ba.